Babi na Shida: Yanyawa, Yayyafi da Fitila

A tuddan Wales da arewacin Ingila ruwan sama ba shi da wata ƙayyadajjiyar damina. Kowane wata yana iya sauka, kuma ba kasafai yake zubowa kamar da bakin ƙwarya ba. Yayyafi ne siriri mai naci, wanda iska ke turowa daga Tekun Atlantika, ya wuni ya kwana yana jiƙa tudu. A tsaunukan Eryri na arewacin Wales akwai wuraren da ruwan shekararsu ke haura milimita 3,000. Cikin wannan laima ake kiwon tumaki, kuma tumakin Wales sun kusa ninka mutanenta sau uku. Yawancinsu a Maris da Afrilu suke haihuwa, daidai lokacin da yanyawa ma take da jarirai a rami suna jiran abinci. Saboda haka makiyayin da ke son tsare garkensa da bindiga dole ya saba da fitar dare. In kuwa ya ce sai gari ya washe, to zai daɗe yana jira.

Yanyawar da ake magana ita ce ja, mai farin ƙirji da jela mai kauri. 'Yar uwa ce ga ƙaramar yanyawar nan mai launin rairayi da ke haƙa rami a Sahel, sai dai ta fi ta girma nesa ba kusa ba, don nauyinta kan kai kilo 5 zuwa 7. Barbararta a tsakiyar hunturu ne, galibi a Janairu. Tana ɗaukar ciki kwana 52 ko 53, ta haifi huɗu ko biyar a Maris. Ƙiyasin da Ƙungiyar Nazarin Dabbobi Masu Shayarwa ta Birtaniya ta fitar a 2018 ya ce akwai kimanin 357,000 a ƙasar. Kyarkeci da sauran manyan namun dajin da za su iya taka mata birki sun ƙare a tsibirin Birtaniya tun ƙarnoni da suka wuce. Abin da ya rage mata na tsoro shi ne mota, da cuta, da mutum.

Yadda farauta ta koma dare

Shekaru aru-aru, in an ce farautar yanyawa a Ingila, abin da ke zuwa zuciya shi ne mahaya dawaki da jajayen riguna da garken karnuka, da rana tsaka. An yi ta kai ruwa rana a kan wannan al'ada. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Lord Burns, wanda ya miƙa rahotonsa a 2000. Cikin abin da rahoton ya faɗa har da cewa harbin dare da fitila da bindiga mai dogon zango, in an yi shi yadda ya kamata, ya fi sauƙin azaba ga dabbar a kan bin ta da karnuka. Ya kuma lura cewa a ƙasa mai tsaunuka ba ko'ina wannan harbi ke yiwuwa ba. A Satumban 2002 mutum kimanin 400,000 suka yi maci a Landan don kare rayuwar karkara da farautarsu, amma majalisa ta yi gaban kanta. Dokar Farauta ta 2004 ta fara aiki a Ingila da Wales ranar 18 ga Fabrairun 2005, ta haramta bin dabba da garken karnuka, ta bar izinin kare biyu kacal don koro ta zuwa bakin bindiga. Sikotland ta riga su da tata dokar tun 2002. Daga baya aka bi tarkon waya: Wales ta haramta shi a 2023, Sikotland ta bi sahu a 2024.

Harbin dare ya girmi waɗannan dokoki, amma su ne suka bar masa fage. Yanyawa ba ta da lokacin da doka ta hana harbinta a shekara. Abin da ake buƙata shi ne takardar mallakar bindiga daga 'yan sanda, da izinin mai gona. Sauran kuma ya rage tsakanin maharbi da duhu.

Abin da ke fito da ita

Maharba sun bambanta ruwa iri biyu. In ana tsuga shi da iska mai ƙarfi, yanyawa takan lafe a gindin shinge ko cikin kurmi, domin da kunne take farauta, kuma rugugin ruwa yana toshe mata motsin ɓera a cikin ciyawa. Amma da zarar ya tsagaita bayan kwana ɗaya ko biyu, sai ta fito da yunwa, wani lokaci tun kafin duhu ya gama rufawa. Sai kuma daren yayyafi mai ɗan ɗumi, wanda iskarsa ba ta da ƙarfi. Wannan dare nata ne, kuma dalilin yana ƙarƙashin ƙafarta.

Masanin dabbobi David Macdonald na Jami'ar Oxford ya shafe dare masu yawa a shekarun 1970 yana kallon yanyawa da na'urar gani cikin duhu, ya rubuta yadda take cin tana. In ƙasa ta jiƙa, sanyi bai tsananta ba, manyan tana sukan fito saman ciyawa, jelarsu tana maƙale a rami. Yanyawa sai ta shiga makiyaya tana takawa sannu-sannu, kai a sunkuye, kunnuwa a miƙe gaba. Takan tsaya cak, ta karkata kai, tana sauraren gogar jikin tana a kan ganye. Sai ta dangwala baki ƙasa, ta cafke ta da haƙoran gaba. Ba ta fizga, don kada ta tsinke rabi ya tsere cikin rami. Tana riƙe da ita a miƙe, ta ɗaga baki a hankali har tana ta saki, sannan ta haɗiye ta matsa gaba. Abincin da take buƙata a yini bai wuce rabin kilo ba, kuma a dare mai kyau tana kaɗai tana iya biya mata shi.

Ga maharbi wannan garaɓasa ce. Dabbar da ta saba ratsa fili da sassarfa ga ta a tsakiyar buɗaɗɗiyar makiyaya, tana jan ƙafa, hankalinta yana ƙasa. Jiƙaƙƙiyar ciyawa ba ta ƙara in an taka, busasshen ganye ya yi laushi, gajimare ya rufe wata. Duk abin da ke tona asirin mai sanɗa, ruwa ya rufe shi. Abu ɗaya ne bai rufe ba, wato wari, domin iska mai laima tana riƙe warin mutum. Shi ya sa ake shiga fili ta inda iska za ta riƙa bugun fuska.

Fitila a cikin ruwa

Dabarar fitila ba baƙuwa ba ce ga maharbanmu masu ɗaura tocila a goshi su shiga daji. A bayan idon dabbobin dare akwai wani shimfiɗi mai ƙyalli da ke mayar da haske, don ido ya ci moriyarsa sau biyu. Shi ke sa idon ya yi wal daga nesa in an haska shi. A Birtaniya aikin na mutum biyu ne a mafi yawan lokuta, ɗaya da fitila, ɗaya da bindiga. Mai fitila yana share fili da haske sau ɗaya, da sauri. In ido ya amsa, ba ya ɗora tsakiyar hasken a kai, sai ya riƙe dabbar a gefensa. Daga nan maharbi ya sa leɓe a bayan hannunsa ya tsotsa, ya fitar da wata 'yar ƙara irin ta zomon da aka kama. Matashiyar yanyawa da ba ta taɓa gamuwa da mutum ba tana iya sheƙowa a guje har kusa da ƙafarsa. Wadda aka taɓa harbi aka kuskure kuwa, kifi na ganinka mai jar koma: haske na taɓa fili za ta juya ta ba shi jela. Don irinta ake rufa wa fitila jan gilashi, ko mai ruwan ɗorawa, a rage mata kaifi.

Yayyafi yana ɓata wannan tsari daga tushe. Kowane ɗigo da ke cikin hasken yana mayar da nasa ɗan ƙyalli zuwa idon mai kallo, sai haske ya zama farin labule a gaban mutum. Ƙara wa fitila ƙarfi ƙara wa labulen kauri ne. In hazo ya haɗu da yayyafin, fitilar da ke kai mita ɗari uku a busasshen dare da ƙyar za ta nuna abin da ke mita sittin. Madubin bindiga ma yana ɗaukar ruwa, numfashin maharbi ya dusashe shi daidai lokacin da ya kai ido. Kira da bayan hannu ba ya nisa. Mota ba ta shiga gona, don tayoyinta za su tona makiyaya su bar kwari, kuma babu manomin da zai sake gayyatar wanda ya yi masa haka. Sai a sauka a taka, da batir a kafaɗa da sandunan ɗora bindiga a hannu, ana cire ƙafa daga taɓo.

Abin da ya fi haɗari shi ne ido yana ƙyalli ko da jiki bai bayyana ba. Ɗigo biyu masu haske suna ratsa labulen ruwa, amma siffar mai su tana ɓoye. Gwanaye sukan ce suna gane yanyawa daga kusancin idanunta da yadda suke rawa in tana tafiya, kuma sau da yawa suna yin daidai. Sai dai launin ƙyalli yana sauyawa da irin fitila da kusurwar da dabba ta juyo. Mai idon yana iya zama ɗan tunkiya, ko kyanwar gida, ko karen maƙwabci, ko barewa a kwance, ko baja, wata dabba mai kama da dage wadda wata doka ta 1992 ta haramta kashe ta.

Na'urar ɗumi

A 'yan shekarun nan na'urar gano ɗumin jiki ta kusa ture fitila. Ba ta fitar da haske, don haka yanyawa ba ta san ana kallonta ba. Tana karanta zafin da kowane abu ke fitarwa ta zana shi a ɗan allo, mai jini ya fito fari tas a kan baƙin fili. Da yawa sun ɗauka ta kawo ƙarshen matsalar ruwa, tunda ba ta da labulen da fitila ke yi. Ta rage wata matsala, ta kawo wata.

A busasshen dare dutse yana riƙe zafin rana fiye da ciyawa, itace ya bambanta da ƙasa, bango ya bambanta da hanya. Wannan bambanci ne ke zana fili a allon. In an wuni ana ruwa, komai ya jiƙa ya koma sanyi ɗaya, sai allon ya zama toka-toka ba fasali. Dabbar tana nan fara, ana ganinta sarai. Amma tudun da ke bayanta, da shingen waya da ke gabanta, da reshen da ya gitta tsakani, duk sun narke. Nisa ma yana rikicewa, domin ba abin da ido zai auna da shi: zomo a kusa da yanyawa a nesa suna iya zama dunƙule iri ɗaya. Na'urar tana ba maharbi tabbacin cewa akwai rai a wurin, ta ɓoye masa inda harsashi zai faɗa in ya wuce.

Kuma harsashin yana wucewa. Bindigogin da aka fi amfani da su, irin su .223 da .22-250 da .243, suna harba ƙaramin harsashi mai tsananin gudu. Na .223 nauyinsa kimanin giram uku da rabi ne, yana fita da gudun kusan mita 1,000 a daƙiƙa, kuma in bai sami abin da ya tare shi ba yana iya wuce kilomita 3. Ɗigon ruwa ba ya karkata shi wani abin kirki, iskar da ke tafe da ruwan ce ke tura shi gefe. Ƙasa mai laushi tana haɗiye shi, amma in ya faɗa a ruwan da ya kwanta a fili, ko a dutsen da ke ƙarƙashin ciyawa, yana iya tsalle ya nufi inda ba wanda ya nufa. Ga shi Ingila da Wales suna da hanyoyin ƙafa na jama'a kimanin mil 140,000, da yawansu ta tsakiyar gonaki suka ratsa, kuma kowa yana da 'yancin bin su ko da tsakar dare. A 2004, a gundumar Devon, an harbe yaro ɗan shekara 13 har lahira a wajen irin wannan farauta, kuma wanda ya harbe shi yana cikin waɗanda suka fita tare.

Shi ya sa ƙa'idojin da ƙungiyar maharba ta BASC ta wallafa suka nace a kan abubuwa kaɗan. Kada a ja kunama a kan ido kaɗai, sai an ga dabbar gaba ɗaya an tabbatar da ita. Kada a harba sai akwai tudun ƙasa a bayanta. A sanar da mai gona, yana da kyau kuma a sanar da 'yan sandan yankin. Sannan a zaga filin da rana kafin a shige shi da dare, a san inda gida yake, inda hanya ta bi, inda dabbobi ke kwana. Ba a fafa gora ranar tafiya. Wanda ya san gonar da rana shi ne zai iya cike abin da allon ya ɓoye masa, kuma shi ne zai san gangaren da ba a harbi a cikinsa ko da yanyawa ta zauna ta zuba masa ido.

Akwai kuma hakkin dabbar. In harbi ya kauce ya raunata ta, ruwa yana wanke jini kafin a kai wurin, sai da kare ake iya bin sawu. In kuma mace ce mai shayarwa aka kashe a Maris ko Afrilu, akwai jarirai a wani rami da yunwa za ta kashe, don haka ana buƙatar maharbi ya nemi ramin. Aiki ba ya ƙarewa da komawa gida: sai an cire abin rage ƙara daga bakin bindiga an shanya, an goge ƙarfe an shafa mai, in ba haka ba tsatsa ta ci bututu cikin kwana kaɗan.

Wa ya kashe ɗan tunkiyar?

Da safe, bayan daren ruwa, makiyayi kan tarar da gawar ɗan tunkiya a gindin shinge, an cinye rabi ko an cire kai. Ba sai an tambaye shi wa ya yi ba. Amma likitan dabbobi ba ya yanke hukunci sai ya duba. Yakan juya kofato: jaririn da bai taɓa tsayawa ba yana da wani laushin tantani a ƙasan kofatonsa, wanda takawa ke goge shi. Ya duba huhu ya ga ko ya taɓa shaƙar iska. Ya buɗe ciki ya ga ko akwai dakashi. Ya duba kitsen da ke kewaye da ƙoda, wanda jariri ke ƙonawa don ɗumama jikinsa: in ya ƙare ya koma ja, sanyi da yunwa ne suka ci shi. Sannan ya feɗe fatar wuya. In an ciji dabba tana da rai, jini yana taruwa a ƙarƙashin fata kewaye da gurbin haƙori. In babu wannan tabo, to gawa yanyawa ta tarar.

Sau da yawa gawa ce. Ɗan tunkiya yana zuwa duniya a jiƙe, zafin jikinsa yana tsakanin digiri 39 da 40. In ruwa da iska suka same shi kafin uwar ta lashe shi ta ba shi dakashi, kitsen da ya zo da shi ba ya wuce 'yan sa'o'i, kuma in zafinsa ya faɗi ƙasa da 37 yana bakin mutuwa. A gonakin Birtaniya ba abin mamaki ba ne a rasa ɗaya cikin goma na 'ya'yan tumaki, ko fiye, kuma kaso mai yawa a kwana biyun farko suke tafiya. Binciken da aka yi a gonakin tudu ya nuna abin da yanyawa ke kashewa da kanta galibi bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Wannan matsakaici ne, ba ya share hawayen makiyayin da wata yanyawa guda ta gane hanyar garkensa tana ɗaukar tagwaye dare bayan dare. Irin wannan tana nan, kuma harbe ta yana tsayar da ɓarnar. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: ruwan da ya fito da yanyawa fili shi ne ya riga ya kwantar mata da abincin.

Lissafin riba

Harbi yana rage yawan yanyawa a ƙasa baki ɗaya? Shaidar da ake da ita ba ta nuna haka sosai. A 2001 annobar ciwon baki da kofato ta sa aka dakatar da farauta da karnuka kusan wata goma. Masana daga Jami'ar Bristol, cikinsu har da Stephen Harris, suka kwatanta yawan kashin yanyawa a filaye kafin dakatarwar da bayanta, suka wallafa a mujallar Nature a 2002 cewa ba su ga wani sauyi na a zo a gani ba. Magoya bayan farauta sun soki hanyar ƙirgar, amma abin da ke ƙarƙashin sakamakon sananne ne: kowace kaka matasan yanyawa suna barin iyayensu suna neman fili, kuma duk gurbin da bindiga ta buɗe ba ya daɗewa babu mai shi.

Inda harbi ke biya shi ne a ƙaramin wuri, a ƙayyadadden lokaci, kuma a maimaita shi kowace shekara. Gwajin da aka yi a Otterburn, a arewacin Ingila, daga 2000 zuwa 2008 ya nuna haka. A filayen da aka rage yanyawa da hankaki, tsuntsayen da ke ƙwai a ƙasa, irin dangin zakaran ƙeƙuwa, sun ninka nasarar renon 'ya'yansu kusan sau uku. Haka abin yake ga garke: makonni kaɗan kafin haihuwa da lokacin haihuwar su ne ke da amfani, a gonar da aka tabbatar ana ɓarna.

Don haka makiyayin da ya ga hadari ya haɗo a daren Afrilu yana da zaɓi, kuma sa'o'insa ƙidayayyu ne. Yana iya kiran maharbi, kuma in yayyafin siriri ne, filin sananne, yanyawar ma an san ta, kiran yana da ma'ana. Yana iya kuma kwashe masu tagwaye ya kai su rumfa, ya sanya wa jarirai 'yar rigar leda da ake yi don irin wannan dare, ya ɗura dakashi ga wanda bai sha ba. Makiyayan da suka daɗe a sana'ar suna yin duka biyun, amma sun san wanda ake fara yi. Maharbin da suke sake kira kuwa shi ne wanda ya taɓa dawowa ya ce musu ya ga ido a gangaren da ke fuskantar ƙauye, ya sauke bindiga ya bar ta ta wuce.